Hakkin ruwa bai ƙare a bakin rijiya ba

Jawabin da aka karanta a taron makiyaya da fataken bisashe



Shekara da shekaru in mun haɗu, maganarmu a kan ruwa guda ce: wa ya tare mashaya, wa ya nome bakin tabki, nawa aka ce mu biya kafin garke ya sha. Wannan kokowa tana bisa gaskiya, kuma ta yi amfani. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da hakkin makiyaya ga mashaya. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ce yawon kiwo hakki ne na makiyayi a Nijar. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba. Bayan saniya ta ƙoshi, ruwan da aka ɗura a jarka aka kai mashekari, wanda yaranmu za su sha, wane iri ne?

Ku tuna Tibirin Gobir, nan kusa da Maradi. A 1985 aka fara sha daga wani foraj mai zurfi. Ruwa garau, ba wari, ba ɗanɗano, kowa ya yi murna. Ashe a cikinsa akwai wani gishirin ƙasa da ake kira fuliyo, wanda ya ninka fiye da sau uku abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, watau miligaram 1.5 a lita guda. Aka yi shekara wajen goma sha biyar ana sha. Haƙoran dubban yara suka rine, ɗaruruwa ƙafafunsu suka lanƙwashe. A 2002 ƙungiyoyin kare hakkin ɗan Adam, FIDH da ANDDH, suka fitar da rahoto a kan lamarin, amma ƙashin da ya riga ya lanƙwashe takarda ba ta miƙar da shi.

Abin lura a nan shi ne, tafasawa ba ta fid da wannan gishiri, ƙwayar tsabtace ruwa ma ba ta fid da shi, ido kuma ba ya ganinsa. Awo kaɗai ke nuna shi. Kuma ba mutum kaɗai yake kamawa ba, har bisa. Ku fatake da kuke buɗe bakin sa ku faɗi shekarunsa, in kun ga ƙananan shanun wuri guda haƙoransu sun rine, sun cinye tun lokaci bai yi ba, ku tambayi inda suke sha, ku dubi bakin yaran masu su, ku sanar da ƙungiya.

Na biyu, ƙazantar da mu da dabbobinmu muke kaiwa. Mun san yadda bakin rijiya yake da bazara: taɓo, kashi, fitsari. Jaki ko raƙumi ya ja igiya cikin wannan taɓo, igiyar ta koma cikin rijiya tare da wasaki, sau ɗari a wuni. A tabki kuwa, inda saniya ta tsaya nan yarinya take ɗiba. Ta irin wannan hanya zawo ke shiga mashekari. A 2017 shawarar da ruwa mai ƙazanta ke kawowa ta ɓarke a jahar Difa, kuma mata masu ciki ta fi kashewa. A 2018 kwalara ta tashi a Madarunfa. A 2021 ta kama fiye da mutum 5,000 a ƙasar. Kurkunu, alhamdu lillahi, an tabbatar da ƙarewarsa a Nijar tun 2013, amma a Cadi bai ƙare ba, har karnuka yana kamawa. Masu zuwa gabas kada su yar da ƙyallen tace ruwa.

Na uku, haɗarin da ke cikin ɗakinmu, kuma wannan ba mu da wanda za mu ɗora ma laifinsa. A kasuwa ana sayar da jarka mai arha wadda ba a san abin da ta ɗauka ba. Wata maganin fara ta ɗauka, wata maganin ciyawa. Roba tana shan guba, wanki da toka ko omo ba ya tsarkake ta. Haka nan muna zuba maganin kaska ko fiya-fiya a kwalbar lemo mu aje kusa da ƙwaryar nono, yaro mai ƙishirwa ya zo ya ɗauka. In hakan ta faru kada a tsaya ɗura mashi madara ko mai, kada a sa shi amai. A ɗauki yaro da kwalbar, a nufi likita.

To mi za mu yi? Abin da ke wuyanmu shi ne:

1. Jarkar sha daban, da murfinta da alamarta. Wadda ba mu san asalinta ba, kada ruwan sha ya shige ta.
2. Ruwan tabki a bari ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, sannan a tafasa, ko a sa Aquatabs bisa awon da ke jikin takarda, a jira minti 30.
3. Moda ɗaya ga randa, a rataye ta, kada ta kwana ƙasa.
4. Maganin dabbobi ya zauna a kwalbarsa ta asali, a ƙulle, nesa da yara da abinci.
5. A ɗaga bakin rijiya, a nisanta kwamin shayarwa, kada a bar mushe kusa.

Abin da muke nema ga hukuma kuwa, ba alfarma ba ne. Dokar ruwa ta 1 ga Afirilu 2010 ta ce samun ruwa hakkin kowane ɗan ƙasa ne, kuma ruwan da ke nakasa yaro bai cika wannan hakki ba. Muna so duk foraj da rijiyar siminti da ke yankin kiwo a auna ruwansu kafin a buɗe, a kuma riƙa sake awo. Muna so a karanta sakamakon a bainar jama'a, da Hausa, da Fulatanci, da Tamajak. Muna so a sa makiyaya, har da mata, cikin kwamitocin kula da mashaya, don mata ne ke ɗibar ruwan, su ne kuma ke jinya. Kuɗin shayarwa da muke biya, a fidda wani kaso na awo da gyaran bakin rijiya.

Ƴan uwa, kowane wakili in ya koma, ya rubuto mana sunayen mashayun yankinsa, da shekarar da aka yi masu awo na ƙarshe. Inda aka ce ba a taɓa ba, ya rubuta haka nan. Da wannan takarda za mu je gidan ruwa na jaha. Muna kiwo ne don yaran nan su gada, sai kuwa mai ƙafa lafiya ke bin garke.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kiyaye mu da dukiyarmu.