Yadda Ake Tace Ƙwayoyin Jini Don Yin Magani



Kowa ya san ba a kai hatsi rumbu sai an sheƙe shi an fid da ƙaiƙayi. To, haka likitoci ke yi wa jini in za su yi magani da shi. A ɗigon jini kamar kan allura akwai jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 5, farare kuwa dubu 4 zuwa 11 ne kawai. Sau da yawa iri ɗaya tak likita ke bukata a cikinsu, ga shi kuwa babu rariyar da za ta raba su.

Abin da ya kawo sauƙi shi ne polima, watau abin da ƙananan gaɓoɓinsa ke sarƙe da juna kamar tsakiya a zare. Roba da leda da auduga duk polima ne.

A 1968 wani masanin ƙasar Norwe, Arne Bøyum, ya bayyana dabarar zuba jini a kan wani ruwa mai kauri wanda aka haɗa da Ficoll, polimar da ake yi daga sukari. In aka juya kwalbar da sauri cikin inji, sai jajayen su nutse, wasu daga cikin fararen su tsaya a sama, a kwashe su.

A 1976 kuma Farfesa John Ugelstad na Trondheim ya ƙera ƙananan duwatsun roba masu girma daidai wa daida. Daga baya aka sa musu ƙarfe a ciki, su ne Dynabeads. Akwai waɗanda sai an jera fiye da 200 kafin su kai milimita ɗaya. Ana shafa musu sinadarin garkuwar jiki wanda ba ya kama kowace ƙwaya sai wadda ake nema. Sa'an nan a kawo maganaɗisu ya jawo su tare da abin da suka kama, a zubar da saura.

Da irin waɗannan duwatsu ake aiki wajen shirya Kymriah, maganin wata sankarar jini, wanda Amurka ta yarda da shi a 2017. A 2023 Ingila da Amurka suka yarda da Casgevy, maganin amosanin jini: a tsamo ƙwayoyin da ke haifar jini daga jikin majinyaci, a gyara su, a mayar masa.

Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu amosanin jini. Amma fa ku lura. Kuɗin da aka sa wa Casgevy a Amurka dala miliyan 2.2 ne, kuma sai a manyan asibitoci ake yinsa. Duk wanda ya ce zai sayar muku da irinsa a kwalba, mayaudari ne. Saboda haka samari da 'yan mata ku je asibiti a auna jininku kafin aure, domin rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya, amin.