Horon Hafsoshi Alhali Yaƙi Na Ci



Mas'alar da aka ɗora mini ita ce ta hafsoshi masu tsara yaƙi, waɗanda ba a ganinsu a bakin daga, amma su ne ke zaune gaban taswira suna lissafin mai da ruwa da harsashi, suna ƙayyade hanyar da kowace runduna za ta bi, da inda za a kai sojan da aka raunata kafin jininsa ya ƙare. Tun ranar 6 ga Fabrairu 2015, da Boko Haram ta auka wa Bosso da Diffa, ƙasarmu ba ta sami sukunin koyon wannan fanni cikin natsuwa ba, sai ya zamana ana karatu ana yaƙi, malaman kuwa galibinsu baƙi ne. Amurkawa sun kawo atisayen Flintlock Agadas a 2018, shekarar da aka buɗe makarantar hafsoshin ƙasashen Sahel biyar a Nuwakshot. Faransawa sun fita a Disamba 2023, masu horo na Rasha suka sauka Yamai a Afrilu 2024.

Ba na musun fa'idar wannan karatu, domin rubuta umarni bayyananne, da daidaita jirgin sama da dakarun ƙasa, ilmi ne mai ƙa'idoji, kuma wanda ya tuna sojojinmu 71 da suka kwanta dama a Inates a Disamba 2019, da 89 na Shinagodar wata guda bayan haka, Allah ya jiƙansu, ba zai raina duk wata hikima da za ta rage irin wannan musiba ba, ko daga wa ta fito.

Amma akwai abin da baƙo ba ya iya koyarwa, ko da niyyarsa ta kyautatu. A 2015, domin a yanke wa abokan gaba guzuri, aka hana hawan babur a jihar Diffa, aka tsayar da fataucin kifi da tattasai, aka kwashe mazauna tsibiran tafkin Chadi. Kuma duk da cewa a kan takarda tadbiri ne mai hujja, wanda ya san cewa manomin bakin Komadugu da tattasai yake aure, da shi yake raɗa suna, da shi yake biyan bashi, zai tambaya tun kafin a sa hannu: saurayin da aka raba da sana'arsa, wa zai karɓe shi? Mu nan Matamaye ba ma bukatar dogon sharhi, tun da mun ga halin da masu rake da direbobin hanyar Ɗan Barto suka shiga da aka rufe iyakar Najeriya a 2023.

Saboda haka ra'ayina shi ne a karɓi ƙa'ida daga kowane malami, amma hukunci ya zauna hannun ɗan ƙasa. Maƙwabtanmu sun kafa makarantar hafsoshi ta Jaji, tsakanin Kaduna da Zariya, a 1976 da taimakon Ingila, yau kuwa 'yan Najeriya ke karantarwa a cikinta, har hafsoshin wasu ƙasashen Afirka na zuwa ɗaukar darasi. Muna da hafsoshin da suka yi shekaru a Diffa da Tillaberi. Ina roƙon hukuma ta sa su rubuta abin da suka gani, nasara da kuskure duka, a karantar da shi a Yamai tun suna raye, a kuma haɗa musu da masana tarihi da harsunan Barebari, Fulani da Tubawa daga jami'ar Damagaram.