Fim Nuwar: Sunan da Matarkan Faransa Suka Raɗa wa Fina-finan Amurka

Fim nuwar, wanda a Faransanci ake rubutawa film noir, suna ne da manazarta ke kiran wani rukunin fina-finan Amurka marasa launi da aka shirya galibi tsakanin 1941 da 1958, waɗanda jigonsu bai wuce kisan kai da cin amana da kwaɗayin dukiya da sha'awar da ke kai mutum ga halaka ba. Ma'anar kalmar nuwar ita ce baƙi, kuma mai jin Hausa ba zai sha wahalar gane abin da ake nufi ba, domin baƙin da ke cikin baƙar aniya da baƙin ciki ya fi kusa da manufar a kan baƙin launi kawai. Abin da wannan lacca ta sa a gaba shi ne nuna cewa mafi yawan waɗanda suka shirya fina-finan ba su san wannan suna ba a lokacin da suke aikinsu, cewa baƙi ne daga wata ƙasa suka raɗa shi bayan an gama haihuwa, kuma saboda haka tarihin fim nuwar tarihin tarke ne, wato nazarin ƙwaƙwaf da masana ke yi wa aikin fasaha, kamar yadda yake tarihin fina-finan su kansu.

A shekarun da Jamus ta mamaye Faransa an hana nuna fina-finan Amurka a Paris, don haka da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare sai waɗanda suka taru suka kwararo lokaci guda. A tsakiyar 1946, cikin 'yan makonni, masu kallo suka ga The Maltese Falcon na John Huston, da Laura na Otto Preminger, da Murder, My Sweet na Edward Dmytryk, da Double Indemnity na Billy Wilder, da The Woman in the Window na Fritz Lang. Abin da Ba'amurke ya kalla ɗaya bayan ɗaya cikin shekaru huɗu, Bafaranshe ya kalle shi a jere, kuma jerin ne ya fito da kamannin da ke tsakaninsu. Manazarcin fim Nino Frank ne ya kira su da wannan suna a mujallar L'Écran français a watan Agustan shekarar, Jean-Pierre Chartier ya biyo bayansa a watan Nuwamba. Kalmar ba sabuwa ba ce a bakinsu, domin tun ƙarshen shekarun 1930 jaridu sun yi amfani da ita kan fina-finan Faransa irin su Le Quai des brumes na Marcel Carné, sannan a 1945 Marcel Duhamel ya kafa jerin littattafan laifi mai suna Série noire a kamfanin ɗab'i na Gallimard. A Hollywood kuwa, fina-finan laifi ko na tashin hankali kawai ake ce musu.

Tushen labaran yana cikin adabin kasuwa na Amurka, musamman mujallar Black Mask da aka kafa a 1920, inda Dashiell Hammett, wanda ya taɓa aikin bincike a kamfanin Pinkerton, da kuma Raymond Chandler suka fito da jami'in bincike mai zaman kansa, mai kaifin baki, wanda bai yarda da 'yan sanda ba balle attajirin da ya ɗauke shi aiki. Game da tushen hoton kuwa, an saba jingina shi ga daraktocin da suka baro Jamus da Ostiriya, da yawansu bayan hawan Hitila mulki a 1933, irin su Lang da Wilder da Robert Siodmak, waɗanda aka ce sun zo da salon karkatacciyar inuwa da ya shahara a Berlin tun fim ɗin Caligari na 1920. Akwai gaskiya a cikin wannan, amma an cika kambama shi. Sheri Chinen Biesen ta nuna a littafinta Blackout na 2005 cewa taƙaita kayan gina dandali da dokar rage hasken wuta a Los Angeles lokacin yaƙi sun taka rawa, kuma duk wanda ya kalli Detour na Edgar G. Ulmer, da aka shirya a 1945 da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, zai ga cewa hazo da duhu sukan rufa wa talaucin kamfani asiri.

Double Indemnity ya cancanci a tsaya a kansa, domin kusan duk abin da matarka suka lissafa daga baya yana cikinsa. Wilder da Chandler ne suka rubuta shi daga labarin James M. Cain, kuma sunan yana nufin wani sharaɗi na inshora da ke ninka diyya idan mutuwa ta zo ta hanyar hatsarin da ba a cika samu ba, kamar faɗowa daga jirgin ƙasa, ta yadda dala 50,000 za ta koma 100,000. Fim ɗin ya fara ne daga ƙarshe: Walter Neff, dillalin inshora, ya shigo ofis cikin dare da harbi a kafaɗa, ya zauna gaban na'urar ɗaukar murya yana zayyana wa abokin aikinsa Keyes yadda shi da matar wani attajiri suka kashe mijinta. Wannan dabara ta waiwaye, wato komawa baya a ba da labarin abin da ya riga ya auku, ta kawar da tambayar wanda ya yi kisan, ta bar mai kallo yana bin mutumin da ya san ƙaddara ta riga fata. Mai ɗaukar hoto John F. Seitz ya sa haske ya ratso ta asabarin taga, ya zana layukan inuwa a jikin Neff kamar sandunan kurkuku tun kafin ya aikata komai. A lokacin kisan kuma, wanda aka yi a cikin mota, kyamara ba ta nuna mamacin ba, ta tsaya cak a fuskar Barbara Stanwyck, wadda ta fito a matsayin matar, tana kallon gaba, ba firgici, sai wani ɗan annuri da ya gifta.

Wannan kawar da kai na kyamara ba zaɓin fasaha kaɗai ba ne. Tun 1934 ofishin Joseph Breen yake tilasta dokar tace fina-finai da kamfanonin fim suka gindaya wa kansu, wadda ta hana nuna dabarun kisa dalla-dalla, ta hana zina a fili, ta kuma wajabta mai laifi ya gamu da sakamakonsa, har ma ofishin ya yi gargaɗi kan wannan labari na Cain tun 1935. Hanin ya koya wa marubuta zaurance, ya sa sarƙar ƙafar mace da kunna ashana suka ɗauki nauyin abin da baki ba zai furta ba. Neff ne ke kunna wa Keyes taba a duk tsawon fim ɗin, sai a fitowa ta ƙarshe, yana kwance jina-jina a bakin ƙofa, Keyes ya kunna masa.

Littafin farko da aka keɓe wa batun shi ne na Raymond Borde da Étienne Chaumeton, wanda ya fito a 1955, amma sai a farkon shekarun 1970 sunan ya zauna a bakin masu rubutu da Ingilishi, bayan maƙalar Raymond Durgnat ta 1970 da ta Paul Schrader ta 1972. Schrader ya yi jayayya cewa nuwar ba nau'i ba ne irin na fina-finan kaboyi, da ake ganewa da doki da bindiga da fili, yanayi ne da salo na wani zamani. Wannan ra'ayi ya warware matsala ɗaya ya haifar da wata, domin idan yanayi ne ma'auni to kowane manazarci yana iya faɗaɗa jerin yadda ya so, kuma haka aka yi ta yi. Littafin Women in Film Noir da E. Ann Kaplan ta tace a 1978 ya fi wannan amfani, saboda ya juya tambayar zuwa ga hatsabibiyar macen da ke jan namiji zuwa kabari, ya nuna cewa ko da yake labarin yakan hukunta ta a ƙarshe, ita ce ke da wayo da iko da hoton da ke zama a zuciyar mai kallo, kuma galibi ta bakin namijin da ke neman wanke kansa ake jin labarinta. James Naremore, a More Than Night na 1998, ya kai maganar ƙarshenta da cewa nuwar tunani ne da aka ɗora wa fina-finan daga baya.

Zamanin farko na fim nuwar ya dushe saboda dalilai da yawa: binciken da majalisar wakilan Amurka ta fara a 1947 kan masu ra'ayin kwaminisanci, wanda ya kai Dmytryk kurkuku ya kuma kori Jules Dassin zuwa Turai, da hukuncin kotun ƙoli na 1948 da ya raba manyan kamfanoni da gidajen silimansu, da zuwan talabijin da fim mai launi. Akan ɗauki Touch of Evil na Orson Welles, na 1958, a matsayin rufewa. Waɗanda suka dawo da salon daga baya sun yi aikinsu ne da sunan a hannu, sun karanta matarkan kafin su riƙe kyamara. Roman Polanski ya shirya Chinatown a 1974 cikin launi da hasken rana tsaka, a kan satar ruwan Los Angeles, shi kuma Schrader, shekaru huɗu bayan maƙalarsa, sai ga sunansa a matsayin marubucin Taxi Driver.