Fitilar LED ta haɗin gida: me ke kashe ƙwayayen?

Ga abin da muka tattauna a filin matasa da ƙere-ƙere na wannan mako.

Duk wanda ya ratsa kasuwar dare a Maraɗi ko Katsina ya san fitilar nan da ake haɗawa da tsohon faifan CD: ɗan akwatin katako, batir uku a ciki, ƙwayayen LED jere a kan faifan, shi kuma yana maido da haske kamar madubi. Mai shayi na da ita, mai tsire na da ita, ɗalibi ma da ita yake bitar karatu in an ɗauke wuta. Ba hayaƙin aci-balbal, ba sayen kananzir. Sai dai kukan masu haɗa ta ɗaya ne: yau tana haske tar, bayan ƴan kwanaki ƙwayayen su dushe, ko su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai a ce ai kayan jabu ne. Sau da yawa ba haka ba ne.

Ka ga, ɗan'uwa, ƙaramin farin ƙwan LED mai ƙafa biyu kimanin volt 3.2 yake buƙata, kuma wutar da ta dace da shi ba ta wuce miliamfa 20 ba. Batir ɗaya, ko pil kamar yadda muke cewa a Nijar, volt 1.5 ne. Uku a jere sun ba da 4.5, sun yi masa yawa ke nan. Shi kuwa LED bai san ya ƙoshi ba, abin da ka ba shi zai yi ta sha har ya ƙone. Wannan haske mai kashe ido na ranar farko, wanda kake alfahari da shi, shi ne ajalinsa.

Maganin ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa, ana ce masa resista, aikinsa rage wuta. Je wurin mai gyaran rediyo, ko ka ciro a jikin mataccen rediyo. Lissafin ba wuya: cire 3.2 daga 4.5, saura 1.3, raba da 0.02, ka sami 65. Mafi kusa da ake sayarwa shi ne mai ohm 68, zanensa shuɗi, ruwan toka, baƙi. Ni dai na fi son mai 100, wato ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa. Hasken zai ɗan ragu, amma batir ya daɗe, kuma batir ai shi ne ke cin kuɗin. Kowane ƙwai a ba shi nasa resistan. In ka tara su duka a kan guda ɗaya, wani zai fi wani sha, ya riga mutuwa, rabonsa ya koma kan ƴan'uwansa, su ma su bi shi.

Doguwar ƙafa tana zuwa kan batir mai alamar +, gajeriyar zuwa gindinsa. In bai kama ba, juya shi kafin ka ce ya lalace. Wajen liƙa dalma kuma kar ka wuce daƙiƙa biyu ko uku, zafi na kashe shi. In fitilar ɗaki kake so ba tocila ba, goge gorar roba da sanfefa har ta yi hazo, ka kifa a kai, hasken zai bazu ko'ina.

Af, kun san farin hasken nan asalinsa shuɗi ne da aka lulluɓe da wani sinadari rawaya? Haifaffun Japan uku da suka ƙera shuɗin LED, Akasaki da Amano da Nakamura, sun ci kyautar Nobel a 2014.

Sai magana mai nauyi. Yanzu samari sun koma ciro batirin litiyam na 18650 daga tsohuwar kwamfuta. Yana da kyau, ana cajinsa, amma iyakarsa volt 4.2. Kar ka kuskura ka jona shi kai tsaye da cajar waya ko faifan sola. Nemi ɗan allon caji na TP4056, mai kariya a jikinsa. Batirin da ya kumbura, ko ya lotse, ko ledarsa ta yage, rabu da shi, domin wuta yake kamawa. Kuma don Allah kar a bar shi a caji cikin ɗakin da yara ke barci.