Muhallin Iyali da Nauyin da Ke Kan Hukuma a Wurno, Rabah da Goronyo



Mas'alar da aka ɗora mini ita ce ta muhalli, wato yadda hukuma za ta tsare iyali daga rasa matsuguni, kuma ya dace in soma da Wurno, domin a can aka taɓa warware ta a aikace tun ba a san ma'aikatar gidaje ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Allah Ya jiƙansa, wanda ya mai da Wurno ribaɗi, ya zauna cikinta har wafatinsa a 1837, da ya tashi zaunar da jama'a sai ya zaɓi tudu mai kallon fadamar Rima, ya kewaye shi da ganuwa, ya jawo makiyaya da masu sana'a suka kafa gida kusa da gona da ruwa. Kuma a cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, ya lissafa raya birane da ƙauyuka, da kula da ganuwa da kasuwa da hanya, cikin wajiban mai mulki. Da wannan mudu nake son mu auna abin da ake yi a zamaninmu.

Musibu biyu ne ke raba talakan wannan yanki da gidansa, ruwa da bindiga. A watan Satumba na 2010 gulbin Rima ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ya malale ƙauyuka irin su Kagara, ya gangara har ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san yadda abin ke faruwa: ruwa ya kwanta a gindin katanga kwana biyu ko uku, ƙasa ta sha ta ƙoshi, tsaga ta bayyana, sa'an nan cikin dare ɗaki ya zauna, rumbu ya bi shi da geron shekara, a wayi gari magidanci ba makwanci ba abinci. Ita kuwa bindiga ta fi muni, domin ruwa yakan janye. Tun harin da 'yan bindiga suka kai Tabanni a ƙasar Gandi cikin Yuli na 2018, mutanen ƙauyukan Rabah, mahaifar Sardauna, suka kwararo garin Gandi, aka sauke su a makaranta, iyali da iyali a aji guda, zane ne shamaki tsakanin matar wani da mijin wata; harin kasuwar Goronyo na Oktoba 2021 kuma ya ƙara tabbatar wa masu niyyar komawa cewa da saura.

Ba zan tauye wa hukuma haƙƙinta ba. Hukumomin agajin gaggawa na jiha da na tarayya sun kai shinkafa da tabarmi da barguna, wani lokaci har da kwanon rufi da siminti, kuma gwamnatin Aliyu Magatakarda Wamakko ta ɗauki aikin gina wa waɗanda ambaliya ta shafa gidaje a Goronyo da Gada da Silame. Amma idan mai hankali ya dubi inda mafi yawan kuɗin gidaje ke tafiya, zai tarar da shi a gefen birnin Sakkwato, a rukunan gidaje irin na Bado da Kalambaina da Gidan Salanke, waɗanda ma'aikaci mai albashi ne ke iya mallaka. Haka nan Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa dominsa, bai san da manomin albasa na Wurno ba. Tsarin Mulki na 1999 ya ambaci muhalli a sashe na 16, sai dai ya ajiye shi a babin da kotu ba ta tilasta aiki da shi.

Bilhasali, wanda ke ɗauke da nauyin 'yan gudun hijira a yau shi ne ɗan'uwansu na cikin gari, wanda ya kwashe kayan zaurensa ya sauke mutum goma, ya ƙara ruwa a kunu, ya yi ta haƙuri alhali ba sunansa a kundin masu karɓar agaji. Wannan sunna ce ta Ansar, kuma abin yabo ce, amma gero yakan ƙare, in ya ƙare kuwa sai ka ga matan sun nufi Sakkwato da goyo, suna kwana a kangwaye da bakin tasha suna bara. A ganina nan ne ya kamata Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ta sa hannu, domin faƙirai da masakin da ibnus sabil suna cikin sinfofi takwas na masu cin zakka, kuma waƙafin gida abu ne sananne a fiƙihunmu. Buhun hatsi da bandir ɗin kwano a hannun mai masauki sun fi sansani arha, sun kuma fi shi tsare mutunci.

Saura maganar fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin zama a ƙasar karkara, saboda haka shugabannin Wurno da Rabah da Goronyo ba su bukatar jiran Abuja kafin su yanka wa mutanen fadama fili a kan tudu, kusa da gonakinsu, da rijiya, da takarda mai sunan magidanci ko gwauruwar da ke riƙe da marayu. Gida mai nisa da gona, ko wanda ba a iya kwana cikinsa don tsoro, watsi za a yi da shi komai kyan fentinsa.

Roƙona ga 'yan majalisarmu shi ne, kafin damina mai zuwa ta faɗi, a ƙidaya gidajen da suka sauke baƙi a waɗannan ƙananan hukumomi uku, a ware musu kaso a kasafin kuɗi.