Rawar Uba Wajen Cusa wa 'Ya'ya Son Karatu da Rubutu: Tsokaci Daga Ruwan Bago



Gabatarwa

A yawancin gidajenmu na Ruwan Bago da sauran garuruwan ƙasar Rogo da Karaye, an riga an raba aiki: uba ya kawo hatsi da cefane, uwa ta yi tarbiyya, malam ya koyar. Idan yaro ya kai aji shida bai iya haɗa baƙi ba, sai a ɗora wa malam laifi, ko gwamnati. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa uba yana da kasonsa da babu mai ɗauke masa. Malam yana koyar da karatu, amma son karatun daga gida yaro yake tahowa da shi.

Abin da tarihi ya nuna

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a gaban mahaifinsa, Malam Muhammadu Fodiyo, ya fara karatun Alƙur'ani. Da ya zama uba, bai bar 'ya'yansa a baya ba. Ɗansa Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke kai ilimi ga matan ƙauyuka. A Nurul Albab, Shehu ya soki malaman da ke karantar da ɗalibai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Haka Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, a gidan malanta ya tashi. Tushen Larabcin da ya samu tun a gida ya taimaka masa wajen rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Akwai kuma darasi ta ɗaya gefen. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama. Sai daga baya ta koma ta hanyar yaƙi da jahilci, har ta ba mu Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? Mata nawa ne masu irin basirarta da ba su sami damar komawa ba?

Halin da muke ciki

Gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma sanya dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Amma doka ba ta shiga zaure. Ku dubi abin da ke faruwa bayan magariba: maigida na kan tabarma, rediyo ko waya a kunne. Yaro ya zo da littafinsa da aka yi wa maki da jan biro, yana murna, sai a ce masa, "Kai wa babarka." Yaron ya gane ke nan cewa takarda ba abin da babban mutum zai ɓata lokaci a kai ba ne. Da an gama girbin masara da dawa kuma, magidanta da yawa sun tafi cirani, watanni ba mai tambayar allo balle littafi.

Wani zai ce, "Ai ni ban yi boko ba." To, yawancinmu mun riƙe allo, mun san tawada da alƙalami, wasu na rubuta bashinsu da ajami. Wanda ma bai iya komai ba yana da kunne. Yaron da ya san mahaifinsa zai saurare shi da dare, zai dage a aji da rana.

Shawarwari

Na farko, uba ya ware tsakanin magariba da isha'i ya zauna da yara, su biya masa allo da darasin boko.

Na biyu, ya ba su aikin rubutu na gaske: lissafin buhunan da aka auna, kuɗin taki, sunayen 'yan ƙwadago, saƙon waya zuwa ga ɗan'uwa.

Na uku, ranar kasuwa ya haɗa da littafin Hausa ko da guda, kamar yadda yake sayo tsaraba.

Na huɗu, in yana cirani, idan ya bugo waya ya ce a ba yaro ya karanta masa shafi ɗaya.

Na biyar, duk abin da aka yi wa ɗa namiji a yi wa 'ya mace. Limamai kuma su riƙa tunatarwa a huɗuba, shugabannin makarantu su gayyaci iyaye maza da sunansu zuwa taron iyayen yara.

Kammalawa

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran kasafin kuɗi ko kwangila. 'Ya'ya amana ne, kuma za a tambaye mu a kansu. Ina roƙon kowane uba da ke nan, in ya koma gida yau, ya kira ɗansa ko 'yarsa ya ce, "Zo ka karanta mini." Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani.