Jawabin Magatakarda: Cinikin Shafin Intanet Tsakaninmu da Yaranmu

Shugaba, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, da sauran 'yan'uwa 'yan kasuwa, barkanmu da ganin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu.

Zan yi magana a kan wata ƙara da ta fara yawa a ofis: saɓani tsakanin membobi da samarin da ke gina musu shafin intanet. Mai sayen man kaɗanya ko doya a Wagadugu yana son ganin kaya a waya kafin ya turo kuɗi, don haka mutanenmu suka fara neman shafi. Masu yin aikin kuwa yaranmu ne na Zango, wasu sun fito daga UDS, wasu daga Tamale Technical University. In aka ɓata, gida ne ya ɓaci.

Tushen rigimar ɗaya ne: ana sallamawa ba a faɗi abin da aka saya ba. Buhun masara a kasuwar Aboabo kowa ya san awonsa, shafi kuwa ba shi da mudu. Shafi mai fuska biyar da lambar waya daban yake da wanda zai ɗauki hoton kaya ɗari, ya karɓi kuɗi ta MoMo. In kuma kana son Faransanci saboda abokan ciniki na bayan iyakar Paga, wannan ƙarin aiki ne, da kuɗinsa. A lissafa waɗannan tukuna, sannan a taya.

Na biyu, kuɗin iri biyu ne. Akwai ladan gini, sau ɗaya ake biya. Akwai kuma kuɗin sunan shafi da na hayar wurin da ake ajiye shi, duk shekara, kamar hayar shago. Kamfanoni da yawa da dala suke karɓa, kuma duk mun ga yadda sidi ya faɗi a 2022. Saboda haka kada yaro ya yi alkawarin farashin shekara uku da sidi, kada Alhaji ya ce an cuce shi in kuɗin sabuntawa ya tashi.

Na uku, kuma shi ya fi damuna. Sunan shafin a yi rajistarsa da sunanka, lambar sirri tana hannunka. In da sunan yaron aka yi, ranar da kuka rabu ya tafi da makullin shagonka. In kuma ba a sabunta ba har wa'adi ya wuce, wani na iya sayen sunan, alhali kana da shi a jikin kati da kwali.

Yanzu gare ku, ƙannena masu aikin. Kafin ku yanke farashi ku ƙirga kwanakin da aikin zai ci, da kuɗin data, da wutar NEDCo, da man babur na zuwa ɗaukar hoto. Ku karɓi rabi kafin alƙalami, rabi ranar miƙa aiki. Ku faɗi sau nawa za a yi gyara kyauta, misali sau biyu. A ce kun ce sidi 3,000, Hajiya ta taya 2,000: kada ku yi fushi, kada kuma ku karɓa don kunya. Ku ce albarka, sannan ku nuna mata abin da 2,000 za ta saya, wato a rage aiki daidai da kuɗin. In kun karɓa kuwa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ma ƙaramar sana'a ce, ku gaya wa mai ita gaskiya: jerin kaya na WhatsApp Business kyauta ne, zai iya isarta.

Iyayena, araha ba ta ado. Yaron da aka matse a farashi ba zai ɗaga waya ba ranar da shafi ya tsaya.

Roƙona ga shugabanni shi ne a amince duk irin wannan ciniki a rubuta shi a takarda ɗaya, kowa ya sa hannu gaban shaida, a ajiye kwafi a ofis. Ni zan riƙe fayil ɗin.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya tsare matafiyanmu a hanya.